Ranar da Hannuna Ya Riga Bakin Yaya

Yayana bai taɓa riƙe maus ɗin kwamfuta ba. Wata huɗu muka yi muna yaƙi tare a cikin kwamfuta, kowace Lahadi, ko sau ɗaya bai kai hannu kansa ba. Cewa yake hannunsa ya saba da bulo, idan ya damƙi ɗan abin nan zai murƙushe shi, mai shago ya kore ni daga aiki. Saboda haka ni ne hannu, shi ne baki. Yana zaune a hagu da ni kan wata kujerar roba mai karyayyen hannu, yana cewa, “Tura waɗancan ukun bayan katanga,” ni kuwa ina turawa.

Lokacin ina da shekara ashirin da ɗaya, na gama difloma ina jiran abin da Allah zai yi, ina buga wa mutane takardu a wani shagon kwamfuta a Abakpa. Takardar neman aiki, katin ɗaurin aure, wasiƙar ƙorafi zuwa ga mai gidan haya, duk ni ne. Yaya ya girme ni da shekara tara. Daga aji huɗu na firamare ya bi wani magini, bai sake waiwayar makaranta ba. A gidanmu na Rigasa an daɗe da raba mu, shi mai ƙarfi, ni mai ƙwaƙwalwa. Ba wanda ya faɗa da baki, amma idan wasiƙa ta zo ni ake kira, idan katanga ta faɗi shi ake kira, kuma kowa ya san wanda aka fi yi wa kallon girma a cikinmu. Ni kuwa na karɓi wannan rabo hannu bibbiyu, har ina hura hanci.

Faifan wasan a wurin masu shimfiɗa kaya a bakin kasuwa na saye shi, cikin leda, hoton jikinsa duk ya koɗe. Ba irin wasan da ake gina gari a tara dukiya a ƙera sojoji dubu ba ne. Mutum goma sha biyu ake ba ka, da tankar yaƙi guda, da harsashi kaɗan, a ajiye ka a gefen taswirar wata ƙasar Turawa, a ce ka ƙwace gadar can, ko ka fito da mutanenka daga ƙauyen can. Lokaci ba ya tsayawa ya jira ka yi tunani. Wanda ya mutu ba a maye maka gurbinsa, wanda ya rayu kuma da shi za ka tafi zango na gaba. Sati biyu na yi ina hallaka mutanena a zangon farko, ina zagin wanda ya ƙirƙiro wasan, alhali laifin yana zaune a kan kujerata.

Mai shago ba ya buɗewa ran Lahadi, amma yakan bar mini makulli in ƙarasa ayyukan da suka taru. Wata Lahadi bayan azahar Yaya ya biyo da saƙon Inna, yana dawowa daga wani gini da suke yi a can wajen, wandonsa duk siminti. Ya tsaya a bayana yana kallo. Sau uku na tura mutanena, sau uku aka share su a fili ɗaya.

“Kai wane irin wawa ne?” in ji shi. “Kana ganin taga tana kallon fili, kana tura mutane cikin filin?”

Na ce, “Ina ruwan taga da ni?”

“Wanda ya gina benen nan bai sa taga a wurin don ado ba. Duk mai hankali da ya samu bindiga a nan zai zauna. Ka bi ta bayan gidan. Gida irin wannan ba ya rasa ƙofar baya, ta ina za su fitar da shara?”

Raina ya ɓaci, domin ban saba Yaya ya koya mini abu a gaban kwamfuta ba. Na bi ta baya ne kawai don in nuna masa ba haka abin yake ba. Ƙofar tana nan. Mai bindigar ma yana nan, ya ba mu baya yana gadin tagarsa. Yaya ya jawo kujerar roba ya zauna, saƙon Inna kuwa sai bayan la’asar ya tuna da shi.

Daga ranar muka kafa tsarinmu. Ni nake karanta bayanin da ake rubutowa da Turanci kafin kowane zango, in fassara masa. Shi kuma ya sa in zagaya da shi taswirar lungu-lungu kafin mu motsa ko mutum ɗaya. Yana kallon gidajen nan kamar an ba shi kwangilar su. Wannan katanga siririya ce, tanka za ta ture ta. Wancan rufin yana da tudu, wanda ke sama ba ya ganin gindin bango. Wannan kwalbati mutum biyu za su iya kwanciya a ciki. Wani lokaci har in ƙosa in ce, “Yaya, yaƙi fa muke yi, ba awon fili ba.” Sai ya ce, “Rufe mini baki, ɗan boko, hannunka kawai nake so.” Kuma in rufe, ina dariya.

Doka ɗaya ya kafa wadda ba ya sassautawa. Wasan yana ba da dama a ajiye inda aka tsaya, idan abu ya ɓaci a koma baya a sake. Yaya ya haramta wannan. Ajiyewa dai a ajiye idan za mu tashi, amma komawa baya don an kashe mana mutum, a’a. Cewa yake idan ka san za a dawo maka da su ba za ka ji zafinsu ba, kuma wanda ba ya jin zafin mutanensa bai kamata a ba shi su ba. A wata huɗu mutum uku kawai muka rasa. Ranar da aka harbe mana mai ɗauke da rediyo, Yaya ya kafe allon da ido, har gyaɗar da ke hannunsa ya daina ci. Na ce, “Yaya, zane ne fa.” Ya ce ya sani, amma shi ya tura shi wurin.

Idan aka ɗauke wuta, wanda ba ya wuce sau biyu a yini ɗaya idan mun yi sa’a, ba mu da izinin tayar da janareta ran Lahadi. Sai mu fito ƙofar shago mu sayi gasasshiyar masara, Yaya ya samu tsinke ya zana taswirar a ƙasa daga kansa, bai manta ko bukka ɗaya ba. A nan ne muke yin hirar da ba mu taɓa yi a gida ba. A nan ya fara gaya mini yarinyar da yake so ya aura, kafin Inna ma ta ji. A nan ya gaya mini yadda ya taɓa faɗowa daga kan sikafol, katakon da magina ke hawa, ya ɓoye wa kowa. Ban san darajar abin ba a lokacin. Ni dai na san akwai wuri ɗaya a duniya da Yaya ke kira na wawa, in ji daɗi.

Saura zango uku mu gama, mai shago ya tafi biki Katsina ya bar ni ni kaɗai har mako guda. Damina ce, ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, ba mai fitowa buga takarda. Ran Litinin na zauna ni da kwamfuta muna kallon juna. Na ce bari in leƙa kawai in ga yadda zango na gaba yake. Don kada in taɓa mutanen Yaya, na kwafi ajiyarmu zuwa wani gurbi daban, na ce ai ban yi wa kowa ɓarna ba, tasa tana nan yadda ya bar ta. Wannan dabarar ce ta kwantar mini da hankali, kuma har yau idan na tuna yadda na ji daɗin wayona sai kunya ta rufe ni.

Leƙe ya zama zama. Ba na duba taga, ba na duba kwalbati. In tura mutane, a kashe su, in ga inda harbin ya fito, in koma baya in sake. Da gawarwakinsu nake gane hanya. Ban san sau nawa na koma ba. Ran Laraba kafin la’asar na gama wasan gaba ɗaya, da mutum biyu a raye. Wani rubutu ya hau allo, aka ɗan yi kiɗa, shi ke nan. Na zauna ina jin cikina wayam. Amma kafin in isa Rigasa a ranar wayam ɗin ya koma girman kai: abin da ni da Yaya muka yi wata huɗu muna jan ƙafa a kai, ga shi na ƙarasa shi a kwana uku.

Na yi niyyar in yi shiru. Lahadi ta zo, Yaya ya shigo da masara biyu a takarda, ya zauna a kujerarsa, na buɗe ajiyarmu ta asali, mutum tara da tanka. Na fassara masa bayanin kamar yau na fara ganin sa. Gari ne a bakin kogi, da gada, da wata masana’anta mai dogon bututun hayaƙi. Ya zagaya taswirar yadda ya saba, sannan ya ce in bi da tankar ta kan titi har gindin gadar.

Na san akwai babbar bindiga a ɓoye bayan wata rumfa a kan titin nan. Sau biyar ta fasa mini tanka ran Litinin. Hannuna da kansa ya karkata, tankar ta sauka cikin gona.

“Titi na ce.”

“Hannuna ne ya zame, Yaya.”

Ya dube ni. Muka ci gaba. Can gaba kaɗan muka iso wani ɗan gida mai ƙofa a rufe, ba alamar kowa. Yaya ya buɗe baki zai yi magana ke nan, ni kuwa na riga na jefa gurneti ta taga. Mutum uku suka faɗo waje.

Yaya ya juyo ya kalle ni.

“Wa ya gaya maka akwai mutane a ɗakin nan?”

Da a nan na sunkuyar da kai na ce na yi kuskure, na san Yaya. Zai zage ni tas, ya ce in goge abin da na gani daga kaina, mu ci gaba. Amma ni mutum ne da idan aka kama shi sai ya hau, kuma har yanzu ban gama rabuwa da halin ba. Na juyo da kujerata na ce, “To Yaya, dole ne sai na jira ka? Na gama wasan nan tun ran Laraba. Kwana uku kawai ya ɗauke ni. Ba wani abu ba ne fa, idan mutum yana jin abin da suke rubutawa.”

Wannan ƙarshen maganar ba ta da wani amfani a wurin. Ba Turanci ne ya ci mini wasan ba, na sani, shi ma ya sani. Na faɗe ta ne don ta yi zafi.

“Kwana uku,” in ji shi. “Madalla.” Sai kuma ya ce, “Mutum nawa ka kai gida?”

Na ce biyu.

Ya gyaɗa kai. Ya zauna kamar minti biyar yana kallon mutanensa tara suna tsaye a gefen gona suna jiran umarni. Sannan ya tashi ya gyara hularsa, ya ce akwai wanda zai gani a kan maganar yashi. Ya bar mini masarar duka biyun.

Lahadi ta gaba ya ce aiki ya riƙe shi. Ta gaba kuma ana shirin kai kayan aurensa. Ban matsa ba, domin ina jiran shi ya fara yin magana, kuma a ganina a lokacin wanda ya yi fushi a kan wasa shi ya kamata ya ji kunya. Ba mu yi faɗa ba, ba mu daina gaisawa ba, ni na buga katin aurensa da hannuna. Bayan shekara na samu aikin gwamnati, shagon ma daga baya aka mayar da shi wurin sayar da kayan waya. Na yi aure, na hau matakai, na koma Unguwar Rimi cikin gida mai katanga da get. A hankali duk shawarar gidanmu ta dawo wurina. Makarantar da za a sa ’ya’yan Yaya, asibitin da za a kai Inna, ranar da za a yi taron suna, sai an ji ta bakina. Ban lura da ranar da ya daina ce mini ɗan boko ba. Da na dawo daga aikin Hajji ya koma kira na Alhaji, kuma ba da zolaya yake faɗa ba.

Bara ne, ina neman wani abu daban a intanet, na ci karo da wasan. Ashe akwai masu irin ciwona a duniya, sun gyara shi yana tashi a kwamfutocin yanzu. Na sauke shi a laftof ɗina wata Asabar da hantsi. Sojojin da nake tunawa manya-manya ashe ’yan mitsi-mitsi ne kamar tururuwa, gidajen ma duk kusan iri ɗaya. Amma kiɗan farko na tashi na tuna shagon Abakpa. Na shiga zangon farko, ga filin, ga benen, ga tagar. Na ajiye hannu a kan maus na kasa motsa shi. Sai da na yi kusan minti ɗaya kafin na gane abin da nake yi: jira nake a yi magana daga hagu.

Mako uku na yi ina bin zangunan ni kaɗai, da dokar Yaya, ba komawa baya. Na iso garin bakin kogi da mutum shida. A nan na tsaya, na rufe laftof ɗin. Ran Lahadi bayan azahar na sa shi a jaka na nufi Rigasa.

An yi ruwa da safe, layinmu ya cika da taɓo, dole na bar motar a bakin titi kusa da masu keke mai ƙafa uku na ƙarasa da ƙafa. Na samu Yaya a zaure. Bayansa ya hana shi hawa gini yanzu, sai dai ya tsaya a ƙasa yana duba aikin wasu, kuma ya fara sa tabarau. Yana gani na ya miƙe tsaye. Ya ba ni kujera mai taushi, shi ya koma kan benci. Na ce ya zauna a kujerar, ya ce haba Alhaji. Matarsa ta aiko da kunun zaƙi. Muka gaisa, muka tambayi yara, muka yi maganar ƙafar Inna.

Sannan na buɗe laftof ɗin a kan tebur na juya masa allon.

Ya matso da fuska, ya gyara tabarau. Na ga lokacin da ya gane. “Ikon Allah,” in ji shi. “Har yanzu abin nan yana duniya?”

“Yana nan, Yaya. Inda muka tsaya ne. Ga gadar, ga masana’antar. Ina za mu bi?”

Ya yi murmushi. “Yadda ka gani, Alhaji.”

“A’a, kai za ka faɗa. Ni hannu ne kawai.”

“Ai kai ka fi ni sanin waɗannan abubuwa.”

Na zagaya da shi taswirar lungu-lungu, a hankali, yadda yake so. Na tsaya a kan kowace katanga, kowane rufi. Idonsa yana bin allon, na tabbata yana ganin komai, domin har ya ɗan karkata kai a kan wani kwalbati. Amma da na tambaye shi sai ya ce duk inda na bi daidai ne.

Sai na yi wani abu na wauta. Na tattara mutanena shida na tura su tsakiyar fili, a miƙe, ba mafaka, a gaban wani bene mai tagogi huɗu suna kallon su. Ko makaho ya san abin da zai faru. Ban kalli allon ba, Yaya nake kallo ta gefen ido. Na ga hannunsa ya ɗaga daga kan gwiwarsa. Na ga leɓensa ya motsa. Wallahi addu’a nake yi a zuciyata ya ce mini wawa.

Hannun ya koma kan gwiwa. Aka buɗe wuta, mutanena suka zube ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya kai rabin filin.

“Ai ka yi ƙoƙari,” in ji Yaya. “Abin ne da wuya.”

Na rufe laftof ɗin. Na ce, “Yaya, ranar nan a shago, maganar da na faɗa maka. Ban kyauta ba. Shekara ashirin tana damu na.”

“Wace rana?” Ya yi dariya kaɗan, yana kallon ƙasa. “Haba Alhaji, wasan yara. Wa yake riƙe irin wannan? Allah ya yafe mana gaba ɗaya.”

Na san bai manta ba, kuma na san da gaske ya yafe. Abin da na zo nema ne dai babu shi, kuma ba shi ya ɓoye shi ba, ni na kashe shi da bakina tun ina ɗan shekara ashirin da ɗaya, don in nuna na fi wanda ya fi ni. Na shiga ciki na gaida Inna, muka yi la’asar a masallacin layi, na ce zan koma.

Kafin in kai hannu Yaya ya riga ya ɗauki jakar laftof ɗin ya rataya a kafaɗa. Na ce ya kawo, ya ce a’a, taɓo ne a hanya, kada in zame da ita. Na kama igiyar jakar, shi ma ya riƙe, muka tsaya haka a ƙofar gida, mutane suna wucewa suna gaishe mu. Da na ga abin zai zama kallo na saki. Ya wuce gaba yana dafe bayansa da hannu ɗaya, yana nuna mini inda zan taka, ni kuma ina biye da shi hannu sake har bakin titi. Ya sa jakar a kujerar baya, ya zagayo ya buɗe mini ƙofar mota, ya tsaya riƙe da ita har na zauna.